Kawu Bai Yarda da Maneji Ba

Daga Allah muke kuma wurinsa muka nufa, sai dai Kawu ya riga mu isa. Ya cika wata Laraba da hantsi, tsakiyar damina, a gidansa na Samaru, kuma kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe mu ni da Umma tun da mahaifina ya rasu, lokacin shi ma matarsa ta riga ta kwanta dama. Ina rubuta wannan ne don na san halin Samaru. Ɗalibai su zo su wuce, a rushe gidan ƙasa a jera ɗakunan haya, bayan 'yan shekaru ka tambayi mai shagon kan kwana ya ce maka bai taɓa jin mutumin ba. Ba zan yarda a yi wa Kawu haka ina raye ba.

Zaman makokin ya tara mutanen da ban taɓa zaton za su haɗa tabarma ba. Kawu ya koyar da Turanci a sakandare har ya yi ritaya, don haka tsofaffin ɗalibansa suka yi ta sauka daga manyan motoci, masu furfura da tumbi, suna magana ƙasa-ƙasa kamar zai leƙo ya gyara musu jimla. Ɗaya ya ce wa liman har gobe in ya ɗauki biro zai rubuta takarda, sai ya ji Malam na tsaye a bayansa. Mai wainar bakin titi ta shigo cikin gida ta zauna kusa da randa tana share hawaye. Ta ce ita ba ta san abin da yake koyarwa ba, ta dai san shi kaɗai ne in ya gaishe ta yake tsayawa ya ji amsa. Wani ɗan acaɓa kuwa duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya naɗe ƙafar wando ya nuna masa tabo a ƙwauri, har liman ya ce masa ya isa haka, kowa ya gani.

Umma ce ta fi damuna. Ba ta yi kuka mai sauti ba, ba ta kuma sa komai a bakinta ba sai ruwa. Mata na shigowa suna cewa ya yi kyakkyawan ƙarshe, tana amsawa da amin, idonta na kan ƙofa. Duk sanda na dawo daga leƙen zaure sai ta jawo gefen mayafina ta ce, "Ya zo?" Ni kuma in ce bai zo ba.

Wanda take tambaya wani tsoho ne mai gareji a Chikaji, Kirista, mutumin Kudu, da muke kira Baba Makanike. Shi ne babban abokin Kawu a duniya, kuma Kawu ya mutu ba sa magana da juna. Abin da ya hana Umma ci ke nan. Kowa ya san abin da malamai ke faɗa a kan gaba, ita kuwa ta ɗauke shi da gaske. Tana ganin yayanta ya tafi gaban Ubangiji da haƙƙin wani a wuyansa, kuma mutum ɗaya ne zai iya sauke masa. So take ta ji da kunnenta Baba Makanike ya ce ya yafe.

Kafin in kai can, bari in faɗi wane ne Kawu, kuma ba yadda za a yi a ba da labarinsa a tsallake maneji.

Dogo ne siriri, mai tabarau da yake ɗaurewa da zare don kada ya faɗi. Yana da wani ƙaton ƙamus a zaure wanda bangonsa ya rabu da shi tuntuni, kuma cikin dubban kalmomin da ke ciki, ɗaya ce ta hana shi sakat. Ita ce wadda Turawa ke rubutawa manage, mu kuma muka lanƙwasa ta ta koma maneji. Duk wanda ya zauna a zauren nan ya sha tarihinta, ko yana so ko ba ya so. Ni na sha shi har na iya bayar da shi ina barci.

"Malama ƙarama," haka yake kirana tun da na fara koyarwa a firamare, "kin san asalin kalmar nan hannu ne? A Latin, tsohon harshen Rumawa, hannu shi ne manus. Mutanen Italiya suka ɗauka suka yi kalmar horar da doki, a riƙe linzami a juya shi yadda ake so. Daga nan Ingilishi ya are ta. A hanya kuma ta haɗu da wata kalmar Faransawa mai kama da ita, ta tattalin gida, suka cakuɗe."

Sai ya fara lissafa ayyukanta, yana bubbuga ƙamus ɗin da yatsa. Da ita ake tafiyar da ofis ko kanti, shi ya sa ake ce wa mai wurin manaja. Da ita ake cewa mutum ya iya yin abu da ƙyar, kamar wanda ya samu ya haye kogi ruwa na neman cin sa. Da ita ake cewa a yi tattalin abu don ya kai. Duk waɗannan Kawu ba shi da rigima da su, don a cewarsa a kowanne hannun mutum na kan linzami. Rigimarsa da abin da muka mai da ita ne bayan ta sauka a tashar jirgin Sabon Gari. A bakinmu, maneji shi ne ka ga abu ya lalace ka ɗaure shi da tsumma ka kau da kai. Wutar lantarki ba ta zuwa, ana maneji. Famfo ya ƙafe, ana maneji. "Ta tashi daga hannun mai juya doki," in ji shi, "ta ƙare a bakin wanda doki ke ja a ƙasa."

Da a baki kawai ya tsaya, da sai in ce surutun tsofaffin malamai ne. Amma Kawu ya ɗauki kalmar a matsayin kiran agaji. Bahaushe ko gidansa na cin wuta, in ka ce masa ina kwana, lafiya lau zai ce. Kawu ya lura cewa tun da maneji ta shigo gaisuwa, mutane sun samu wata 'yar ƙofa da suke leƙo da damuwarsu ba tare da sun ji kunya ba. Don haka in ya ce maka ya gida, ka ce ana maneji, sai ya tsaya cak, ya cire tabarau, ya ce, "Me ake maneji?" Kuma ba zai matsa ba sai ka faɗa. Mutanen unguwa har suka koyi kiyaye bakinsu. In kana sauri ka haɗu da Malam, ce masa lafiya lau ka wuce abinka.

Haka ɗan acaɓan nan mai tabo ya faɗa hannunsa. Ya ɗauko Kawu daga kasuwar Samaru, Kawu ya ce ya aiki, ya ce ana maneji. Kawu ya ce ya tsaya. Ashe salansar babur ɗin ce ta ƙone shi a ƙwauri, ya shafa baƙin mai ya naɗe da tsumma, har wurin ya fara wari. Kawu ya sake hawa babur ɗin ya ce ba gida za su ba, asibiti za su. Mutumin ya ce yana da iyali, in ya tsaya yau ba abin da za a ɗora a murhu. Kawu ya ce da ƙafa ɗaya ma ba za a ɗora ba. Ya zauna har aka wanke ciwon, ya kuma riƙa tsare shi a bakin kasuwa duk ranar wanki, yana jan sa kamar ɗan makaranta mai gudun aji. Kawu na da takura, wannan ba wanda zai musa, amma na fi son takurarsa da kirkin mutane da yawa.

Abotarsa da Baba Makanike ta girme ni. Tun Kawu na da babur yake kai masa gyara, har ya sayi wata tsohuwar mota ruwan toka. Kowace Asabar da la'asar sai ya tafi Chikaji, su zauna a benci a inuwar garejin suna dara, yaran gareji na ta buge-bugen ƙarfe a gefe. Baba Makanike gajere ne kakkaura, tun yana saurayi ya zo Zariya, Hausa ta zauna a bakinsa daram. Da Sallah mu kai musu nama, da Kirsimeti matarsa ta aiko da shinkafa da kazar da ta sa Musulmi ya yanka. Kuma duk zaman da za su yi sai sun yi musu a kan kalmar nan. Kawu ya gaya masa cewa giyar mota da ake kira manuwal 'yar'uwar maneji ce, uwarsu ɗaya, duk daga hannu suka fito. Baba Makanike ya yi dariya ya ce, "Malam, kai ka san inda ta fito, ni na san inda ta sauka. Ƙasar nan in ka cire maneji, ba motar da za ta tashi gobe da safe." Kawu ya ce, "Shi ya sa muke tashi ba ma isa."

A shekarun nan na farkon dubu biyu, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa gari, fansho ya yi ta makalewa. Gidanmu ya shiga wani hali, Umma na rufawa yadda Kawu ba zai gane zurfinsa ba. Ana haka birkin motar ya fara zubar da mai. Baba Makanike ya zo ya duba, Kawu na masallaci, ya ce wa Umma bututun ƙafa ɗaya ya ruɓe, sai an sa sabo. Umma ta ce babu halin sabo yanzu, kuma in Yaya ya ji zai sayar da wani abu nasa, don haka shi Baba ya taimaka ya yi wata dabara zuwa ƙarshen wata. Ya ƙi, ta roƙe shi, ya yarda. Ya toshe bututun da ƙusa, birki ya koma aiki a sauran ƙafafun. Makanikai da yawa na yin haka, kuma sau da yawa ana wanyewa lafiya.

Mu ba mu wanye ba. Ina bayan motar ranar, za mu kasuwar Sabon Gari. Muna gangarowa Kwangila Kawu ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya sauke giya, ya ja birkin hannu, ya karkata kan motar zuwa wani tulin yashi a gefen titi. Wata mata da goyo a bayanta na tsallakawa daidai wurin, madubin motar ya doki tiren tumatirin da ke hannunta. Da ta ƙara taku ɗaya da ba tumatir ne zai watse a titi ba. Kawu ya fito ya durƙusa a gabanta yana ba ta haƙuri, tsoho da furfurarsa a cikin taɓo. Wani direba ya leƙa ƙarƙashin motar ya ce, "Malam, ai ƙusa aka sa maka."

Daga nan garejin ya nufa a ƙasa, ina bin sa ina roƙonsa ya bari ya huce. Ya tarar da wurin cike, masu motoci na jira, yaran gareji na aiki. A gabansu duka ya ce wa abokinsa, "Na ɗauka makanike nake kawo wa mota, ashe mahauci ne. Yau saura kaɗan ka yanka mace da ɗanta da hannuna." Baba Makanike bai ambaci Umma ba, ko da alama. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa a hankali, ya ce, "Malam, fita. Kada ka ƙara taka garejina."

Da muka koma gida Umma ta faɗi gaskiya, ta ce ita ta roƙe shi. Na ɗauka maganar za ta mutu a nan. Kawu ya ce, "Ke tausayina kika ji, ba ki san abin da ƙusa ke yi a birki ba. Shi ya sani." Ya tashi ya shiga ɗaki.

A ganina Kawu na da gaskiya a kan birki, ba shi da ita a kan mahauci. Ba a kiran dattijo haka a gaban yaran da yake koya wa sana'a. Na faɗa wa Kawu haka, ya ce in tashi in ba shi wuri. Mutumin da ke tsare baƙo a titi don ya ji damuwarsa ya kasa taka hanyar Chikaji ya ce wa abokinsa ya yi haƙuri, kuma wannan ya ba ni haushi shekara da shekaru. Amma na ga abin da gabar ta yi masa. Aka jawo motar aka ajiye ƙarƙashin dalbejiya, bai ƙara tuƙa ta ba, bai kuma yarda wani makanike ya taɓa ta ba. Ranar Asabar da la'asar sai ya yi wanka ya sa riga kamar mai fita, ya zauna a zaure da ƙamus a cinya, shafi ɗaya har magariba. Da Babbar Sallah shi da kansa yake ware cinya guda ya ce, "Wannan na can ne," ba ya faɗin suna. Na ce wa Umma ai wannan ma sulhu ne. Ta ce nama ba sallama ba ne.

Ciwonsa bai daɗe ba. Zazzaɓi ne ya fara, ya sauka a ƙirji, aka ba shi magani aka ce ya huta a gida. Ana gobe zai rasu, da yamma, Umma ta zauna a bakin gadonsa ta ce, "Yaya, maganar Chikaji fa. Rai ba a hannunmu yake ba." Ya daɗe yana kallon rufi, sannan ya ce, "Na ji." Ya juya fuskarsa bango. Har yau ba wanda ya san ko na ji ɗin nan na amincewa ne ko na a ƙyale ni.

To, aka yi sadakar uku, Baba Makanike bai zo ba. Umma ta fara jiri in ta miƙe yin alwala. Na ce mata a aika a kira shi mana, tunda ga waya ga mota. Ta ce, "Ta'aziyya ba biki ba ce da za a yi gayya. In an kira shi ya zo, kunya ce ta kawo shi. Ni ba yafiyar kunya nake nema wa Yaya ba." Na san in na biye mata, sai mun yi makoki biyu a gida ɗaya. Washegari da safe na ce za ni kasuwa, na shiga bas ɗin Sabon Gari. Ba lallashi na tafi yi ba. Raina a ɓace yake, na shirya maganganun da zan gaya wa tsohon nan tun daga Samaru, ina ta gyara su a hanya.

Garejin a rufe na same shi, sai na wuce gidansa a bayan kasuwar Sabon Gari, ta cikin lungunan nan da kiɗa ke tashi daga kowane shago. Yana zaune a benci a baranda, sanye da farin leshi da hula, takalmansa sun sha gogewa. Matarsa ta fito ta rungume ni, ta ce mini a hankali tun ranar Laraba haka yake, kullum sai ya yi wanka ya shirya ya zauna nan yana kallon bakin lungu.

Na gaishe shi sama-sama, na ce, "Baba, ba ka ji abin da ya same mu ba ne?"

"Na ji tun ranar, 'yata."

"Ka ji, kuma ka zauna?"

"Ba wanda ya zo ya gaya mini."

"Yanzu fa ka ce ka ji."

"Ji daban, a gaya wa mutum daban. A garinmu, in kuna da rigima da mutum ya mutu, ba ka taka gidansa sai danginsa sun aiko maka. In ka je da kanka, cewa za a yi ka zo ka tabbatar ne."

Na ce, "Haba Baba, ka tsufa a Zariya. Ka san mu ba ma aikawa."

"Na sani. Makoki nawa na je a garin nan ba wanda ya kira ni. Amma duk cikinsu ba wanda na kora daga garejina."

Duk maganganun da na shirya suka zube. Ga Umma can tana jira ya zo ba a kira shi ba, don ta tabbatar da zuciya ɗaya ya zo. Ga shi nan yana jira a kira shi, don ya tabbatar ana son ganinsa. Kowannensu mutunta mamacin yake yi yadda iyayensa suka koya masa. Na gyara mayafina, na durƙusa a gabansa kamar yadda ake yi wa uba, na ce, "To Baba, na zo in gaya maka. Kawu ya rasu ranar Laraba."

Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Sai ya fashe da kuka kamar yanzu ya fara ji, kuka mai sauti irin wanda mazanmu ba sa yi, yana kiran Malam, Malam. Ni da ban samu na yi kuka sosai ba tun ranar, nan na yi nawa, a barandar mutane.

Da muka isa Samaru na bar shi a zaure wurin maza, na shiga na gaya wa Umma. Ta ce, "Ke kika kira shi?" Na ce ni ce, amma a shirye na same shi, da takalmi a ƙafa, tun ranar Laraba. Sai ta ce in riƙe ta. Na kai ta har ƙofar da ta raba zaure da tsakar gida, ta zauna a kujera 'yar tsugunne daga ciki, shi yana daga waje. Liman da sauran mutane suka ja baya kaɗan.

Ya yi mata gaisuwa yadda ya kamata, Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri. Daga nan ya shiga yabon Kawu, ya ce a rayuwarsa bai ga mai gaskiya irinsa ba, kuma ranar nan ma Malam ne mai gaskiya, shi ne ya sa ƙusa da hannunsa alhali ya san abin da ya sani. Umma ta bar shi ya kai aya.

"Ban tambaye ka wa ke da gaskiya ba," in ji ta. "So nake ka yafe masa."

"Hajiya, me zan yafe? Ba a ɗora wa mamaci laifi."

"Mu muna ɗorawa, don a sauke. Ya kira ka mahauci a gaban yaranka. Ya yi ko bai yi ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Ya yi."

"Ya yi maka ciwo?"

Ya goge fuskarsa da tafin hannu. Sannan ya ce, "Har yau. Akwai yaran da suka bar garejin saboda maganar nan. Wasu in na juya baya ina jin suna faɗinta."

"To shi nake roƙo."

Ya ɗago ya dubi ƙofar, ko da yake ba ya ganin fuskarta sosai. Ya ce, "Na yafe wa Malam. Tsakanina da Allah na yafe, duniya da lahira." Liman ya ce Alhamdu lillahi, mutane suka amsa. Na ji jikin Umma ya saki a hannuna, ta fara kukan da ta riƙe tun ranar Laraba.

Na ɗauka an gama. Sai Baba Makanike ya ce, "Hajiya, ni fa? Ni na sa ƙusar, ni na kore shi. Shekarun nan duk Asabar ina ajiye masa wurinsa a benci, ban iya zuwa na ce ya dawo ba. Wa zai ce mini ya yafe?"

Ina ta addu'a a raina Umma ta ce masa ai ya yafe, kalma biyu ce, ba wanda zai tuhume ta. Ta share fuskarta ta ce, "Nawa na yafe, kuma ni ce ma zan roƙe ka, don ni na sa ka. Amma ni ƙanwarsa ce kawai. Abin da bai faɗa ba, ba zan sa masa a baki ba yana kabari."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne, Hajiya." Ya zauna aka yi addu'a da shi, hannuwansa a buɗe kamar na kowa. A ranar Umma ta sha kunu, ta ci tuwo kaɗan, ta yi barcin rana.

Ni na raka shi bakin titi. Muna tsaye muna jiran bas, ɗalibai na ta wucewa da littattafai a ka saboda yayyafi, ya ce, "'Yata, ke kin zauna da shi. A ganinki, da na je, da ya ce ya yafe?"

Na ce, "Da ya ce, Baba. Wallahi da ya ce."

Ya dube ni da jajayen idanunsa, ya ɗan yi murmushi, ya ce, "Mamanki ta fi ki gaskiya." Bas ta tsaya, ya tattare farin leshinsa ya shiga.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya saka masa da alherin duk wanda ya tsayar a hanya ya saurara. An sauke masa nasa nauyin, da kunnena na ji. Tsohon nan kuwa da nasa ya koma Sabon Gari, kuma ba wanda ya rage a duniya da zai karɓa masa. Allah ya dube shi shi ma.